Tsoron da Ke Kora da Tsoron da Ke Jawowa: Karatun Baɗini a Littafi Mai Tsarki

A Littafin Fitowa sura 20, bayan an gama faɗar Dokoki Goma, Isra'ilawa suka ga walƙiya, suka ji aradu da ƙarar ƙaho, ga dutsen Sina'i yana ta tuƙa hayaƙi. Jikinsu ya ɗauki rawa, suka ja da baya suka tsaya can nesa. Suka roƙi Musa ya riƙa yi musu magana da kansa, kada Allah ya yi musu, su mutu. Amsar da Musa ya ba su a aya ta 20 ta isa ta tsayar da mai karatu: kada ku ji tsoro, gama Allah ya zo ne ya gwada ku, domin tsoronsa ya zauna a gabanku, kada ku yi zunubi. A numfashi ɗaya ya hana su tsoro, ya kuma ɗora musu shi.

Ayar da ke biye ita ce ke warware ƙullin. Jama'a suka tsaya daga nesa, Musa kuwa ya matsa ya shiga baƙin duhun da Allah yake ciki. Kada a ɗauka shi Musa zuciyarsa dutse ce. Wasiƙar Ibraniyawa 12:21 ta ce abin da ya gani ya razana shi har ya ce yana rawar jiki don tsoro. Dutse ɗaya ne, aradu ɗaya ce, gaban kowa ya faɗi. Abin da ya raba su shi ne inda tsoron ya kai ƙafar kowa: waɗancan ya kore su, wannan ya jawo shi. A ganina, duk abin da sufayen Kirista suka rubuta game da tsoro a tsawon ƙarnuka sharhi ne a kan waɗannan ayoyi biyu.

Kafin a ci gaba, sai a fayyace abin da ake nufi da karatun baɗini. Orijin, malamin Iskandariya ta Masar a ƙarni na 3, ya koyar cewa Nassi yana da jiki da rai da ruhu, kamar yadda mutum yake da su. Jikin shi ne labarin a zahirinsa, wane ya yi me, a ina. Can ciki kuma akwai abin da labarin yake faɗa game da tafiyar zuciya zuwa ga Allah. Mai irin wannan karatu yana tambayar kansa: ina Sina'i a cikina, wane ne a cikina ya tsaya nesa, wane ne kuma ake kira ya matso? Giregori na Nisa, wanda ya rayu a ƙarni na 4 a yankin da yake cikin Turkiyya a yau, ya bi rayuwar Musa da wannan ido. Ya lura Allah ya fara bayyana gare shi cikin haske, a kurmin da ke cin wuta. Daga baya ya yi masa magana cikin gajimare. Da ya ƙara girma sai ya sadu da shi cikin duhu. Mu mun saba ɗauka cewa mai ibada daga duhu yake fitowa ya shiga haske. Giregori ya ce akwai matakin da ake wuce hasken farko, hankali ya kai iyakar abin da zai iya kamawa, ya gane cewa wanda yake nema ya fi ƙarfin fahimtarsa. A nan ne ake razana, a nan ne kuma ake kusanta.

Tsoro na farko da aka ambata a Littafi Mai Tsarki na Adamu ne, a Farawa 3:10. Allah ya kira shi, ina kake? Ya ce, na ji motsinka a gonar, na ji tsoro domin tsirara nake, sai na ɓuya. Ba zaki ne ya biyo shi ba, ba kuma yunwa ba. Tsoron a gan shi yadda yake ne ya tura shi bayan itatuwa. Idan mutum ya zauna ya tone fargabarsa har saiwa, sau da yawa wannan zai tarar a ƙasa. Mai tsoron talauci yana tsoron ranar da za a ga kasawarsa. Mai tsoron tsufa yana tsoron ranar da ba sauran abin da zai rufe kansa da shi. Har mai yawan hidimar ibada ma yana iya mai da hidimar ganyen ɓaure irin wanda Adamu ya rufe tsiraicinsa da shi, ya cika kwanakinsa da taro da waƙa don kada a bar shi shi kaɗai da wannan tambaya ta ina kake.

Irin wannan tsoro yana lalata ido. A Littafin Ƙidaya sura 13, mutum 12 suka yi kwana 40 suna leƙen asirin ƙasar Kan'ana. Goma suka dawo da labarin ƙattin da suka gani, suka ce mun ga kanmu kamar fara, haka su ma suka gan mu. A lura da jerin maganar. Su ne suka fara mai da kansu fara, sannan suka yanke wa abokan gaba hukuncin abin da suka gani. Sauran biyun, Joshuwa da Kalibu, ƙattin nan dai suka gani, ba su musa ba, amma ba su auna su da tsayin kansu ba.

Ɗaya tsoron kuwa yana zuwa ne daidai lokacin da babu wata barazana. Yakubu ya farka daga mafarkin tsani a Betel, bayan an yi masa alkawarin alheri zalla, sai ya ce hakika Ubangiji yana wurin nan ban kuwa sani ba, ya ji tsoro. Bitrus ya ga taruna sun cika da kifi har suna neman yagewa, maimakon murna sai ya faɗi a gwiwoyin Yesu yana cewa rabu da ni, ya Ubangiji, ni mai zunubi ne. Wurin da abin ya fi fitowa fili shi ne Markus sura 4. Hadari ya taso a tekun Galili, raƙuman ruwa suna bugun jirgi har ya fara cika, Yesu yana can baya yana barci a kan matashi. Cikin almajiran akwai masunta da suka san wannan ruwa tun suna yara, in suka firgita to abin ya kai. Suka tashe shi da magana mai ɗaci: Malam, ba ka damu mu hallaka ba? Ya tsawata wa iska, ya ce wa ruwa yi shiru, wuri ya yi tsit. Mai karatu zai sa ran a ce hankalinsu ya kwanta. Markus cewa ya yi tsoro mai girma ya kama su, suna tambayar juna, wane ne wannan da har iska da ruwa suke masa biyayya?

Ashe sun fi jin tsoro bayan an tsira. Ɗazu suna tsoron ruwan da ke wajen jirgi, yanzu suna tsoron wanda ke zaune tare da su a ciki. Na farkon ya sa su ihu da zargi, na biyun ya sa su tambaya. Wanda kuma ya taɓa jin na biyun, hadari na gaba ba zai cika masa ido kamar dā ba, domin ya riga ya ga abin da ya fi hadari kwarjini. Wannan ce hanyar da Nassi yake bi da tsoro. Yana tattara shi daga abubuwa dubu da suka warwatsa zuciya, ya mai da shi wuri guda. Masanin addini Bajamushe Rudolf Otto ya yi ƙoƙarin sa wa wannan hali suna a littafinsa na 1917, ya ce tsarkin Allah asiri ne mai sa makyarkyata, mai kuma fizgar zuciya a lokaci guda.

Sai dai akwai ayoyi biyu da suke kamar suna karo. Wasiƙar Yohanna ta fari 4:18 ta ce cikakkiyar ƙauna tana fitar da tsoro. Zabura 19:9 ta ce tsoron Ubangiji tsattsarka ne, yana dawwama har abada. Yaya abin da za a fitar zai dawwama? Yohanna Kasiyan, wanda ya zauna shekaru da sufayen hamadar Masar kafin ya kai koyarwarsu kudancin Faransa a farkon ƙarni na 5, ya ruwaito cewa hawa uku ne. Bawa yana barin mugunta don tsoron bulala. Ɗan ƙodago yana aiki don lada. Ɗa kuwa yana yi don yana ƙaunar ubansa. Ba a raina hawan farko, domin daga nan kusan kowa yake farawa. A ƙa'idar zaman sufaye da Benedik ya rubuta a Italiya a ƙarni na 6, tsanin tawali'u mai matakai 12 ya fara da tsoron Allah, ya ƙare a ƙaunar da ke fitar da tsoro. An kuma ruwaito cewa Antoni, babban sufin hamadar Masar, wanda ya rasu a 356, ya ce shi yanzu ba ya tsoron Allah, ƙaunarsa yake yi. Maganar dattijo ce da ya yi shekaru masu yawa a hamada, ba ta wanda ya fara jiya ba.

Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, shi ne ya fi kowa warware karon. Ya kawo misalin matan aure biyu. Ɗaya tana cin amanar aure, tana tsoron kada mijin ya dawo. Ɗaya tana ƙaunar nata, tana tsoron kada ya juya mata baya. In ka tambaye su, kowacce za ta ce tana tsoron mijinta. Amma ta farko tsoron zuwansa take, ta biyu tsoron tafiyarsa. Ƙauna tana kashe na farko, tana kuma ƙara wa na biyu kaifi. Juliyan ta garin Norwich a Ingila, wadda ta ga wahayoyinta a 1373 tana kwance rai a hannun Allah, ta raba tsoro gida huɗu: firgita ta farat ɗaya, tsoron azaba, tsoron da ke haifar da shakka, da tsoro na girmamawa. Ta ce na ƙarshen ne kaɗai yake faranta wa Allah rai sosai, kuma shi da ƙauna 'yan'uwan juna ne. Na shakka kuwa, mai raɗa wa mutum cewa laifinsa ya fi ƙarfin jinƙai, ta gargaɗi mutane kada su ruɗe su ɗauke shi tawali'u. Wanda ya san littattafan sufayen Musulunci zai tuna yadda su ma suke haɗa tsoro da fata, ba sa yarda ɗaya ya tafi ya bar ɗaya.

A nan ne nake jin zafin irin wa'azin da ke kiwon tsoro. Akwai masu hawa bagade su cika kunnuwan jama'a da maƙiya na ɓoye, da la'anar kakanni, da fassarar kowane mummunan mafarki, har mutum ya fita daga sujada yana zargin duk wanda ya gaishe shi. Suna kiran wannan tsoron Allah, alhali kuwa sun ƙara warwatsa tsoron ne ga abubuwa dubu. Bulus ya faɗa a Romawa 8:15 cewa ba ruhun bauta muka karɓa da za mu koma zaman ɗar-ɗar ba, ruhun zama 'ya'ya ne, wanda da shi muke kira Abba, Uba. Duk koyarwar da ta bar mutum yana ɓuya kamar Adamu, ko da ayoyi ɗari aka jera a cikinta, baya ta mai da shi.

To daga ina ƙarfin ciki yake fitowa? Ana cewa faɗuwar gaba asarar namiji, amma in da wannan ma'auni za a auna mutanen Nassi, kaɗan ne za su tsira. A dubi Iliya a Littafin Sarakuna na fari sura 19. Bai daɗe da tsayawa shi kaɗai gaban annabawan gunkin Ba'al 450 a dutsen Karmel ba, wuta ta sauko a kan idon kowa. Saƙo ɗaya sarauniya Yezebel ta aiko, cewa gobe war haka zai bi annabawan nan da ya kashe, sai ya ranta a na kare. Ya kai Biyersheba, ya bar baransa, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani ɗan itace ya ce ya isa haka, ya Ubangiji, ɗauki raina.

Abin da aka fara yi masa ya cancanci a tsaya a kai. Ba a yi masa faɗa ba, ba a tuna masa da Karmel ba. An bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce tashi ka ci, ya duba ya ga gurasa da aka gasa a kan duwatsu masu zafi da tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci, ya sha, ya sake kwanciya. Aka sake tashinsa a karo na biyu, aka ce ci, gama tafiyar ta fi ƙarfinka. Mai karatun baɗini da ya tsallake wannan don yana ɗokin isa kogon da ke gaba a labarin ya yi kuskure babba. Wani tsoron na gajiyar jiki ne, wani na rashin barci, wani ciwo ne da ke bukatar likita da magani, kuma zuwa asibiti ba ya rage wa kowa bangaskiya. Haka nan wanda hatsari na gaske ya tunkaro, gudu hikima ce. Yusufu ya ɗauki jariri Yesu da uwarsa cikin dare ya tsere Masar, ba wanda ya kira shi matsoraci.

Bayan kwana 40 Iliya ya isa Horeb, dutsen nan dai da Musa ya shiga duhunsa. Ya shige kogo. Aka tambaye shi, me kake yi a nan, Iliya? Ya zazzage ƙorafinsa: an rushe bagadai, an kashe annabawa, ni kaɗai na rage, ni ma ana neman raina. Iska mai farfasa duwatsu ta wuce, Ubangiji ba ya cikinta. Girgizar ƙasa ta biyo, sannan wuta, ba ya cikinsu. Duk waɗannan abubuwa ne da Iliya ya saba gane Allah da su, shi da ya kira wuta daga sama. Sai wata siririyar murya ta zo, a nan ne ya rufe fuskarsa da alkyabbarsa ya fito bakin kogo. Aka maimaita tambayar, ya maimaita amsar kalma da kalma. Wannan yana taɓa ni ƙwarai. Yezebel tana nan a kan mulki, ƙorafinsa bai canja ba, ko yadda yake ji ma ba a ce ya canja ba. Abin da ya canja shi ne yanzu a tsaye yake a bakin kogo. Aka ce masa koma, aka ba shi aiki, aka kuma gyara masa lissafi: akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Tsoro ne ya gaya masa shi kaɗai ya rage.

Dawuda ma ya sha irin wannan a Ziklag. Ya dawo da mutanensa 600 suka tarar Amalekawa sun ƙone garin sun kwashe mata da yara. Suka yi kuka har ƙarfin kuka ya ƙare, sannan mutanensa suka fara shawarar jifansa. Littafin Sama'ila na fari 30:6 ya ce Dawuda ya ƙarfafa kansa cikin Ubangiji Allahnsa. Shi ya yi yunƙurin, amma ba daga rumbunsa ya ɗebo ba, rumbun ya riga ya ƙone tare da garin. Wannan ne ya raba koyarwar Nassi da maganganun zamani masu cewa duk ƙarfin da kake nema yana cikinka. E, a ciki ake samunsa, amma na wani ne da ya sauka a ciki. Bulus ya yi wa Afisawa addu'a a ƙarfafa su ta wurin Ruhu a mutum na ciki. Shi kansa ya shaida wa Korantiyawa cewa ya zo musu da rauni da tsoro da rawar jiki mai yawa, ya kuma ce sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka, gama a cikin rauni ikona yake cika. Zabura 56 ba ta ce ba zan ji tsoro ba tun farko. Cewa ta yi, a ranar da na ji tsoro, zan dogara gare ka.

A aikace, abin da sufayen suka bari kaɗan ne, ba shi da ado. Kasiyan ya ruwaito cewa dattawan hamada suna riƙe aya guda a baki dare da rana, farkon Zabura 70: ya Allah, ka yi hanzari ka cece ni, ya Ubangiji, ka gaggauta taimakona. Zuciyar da ta firgita ba ta iya doguwar addu'a, amma tana iya riƙe jimla ɗaya har numfashi ya daidaita. Suna kuma nace wa almajiri ya faɗa wa dattijonsa tunanin da ke damunsa, domin sun ga abin da aka ɓoye ƙaruwa yake yi. Antoni ya ba da ma'aunin rarrabewa, kamar yadda Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta a tarihin Antonin: abin da ya zo daga Allah, ko ya fara da razana, yana barin natsuwa da farin ciki a bayansa, na maƙiyi kuwa yana barin ruɗani da baƙin ciki da tsoron mutuwa. Ba a gane su a farkon zuwansu, sai an dubi abin da suka bari.

Misali mafi nauyi yana Getsamani, lambun da Yesu ya yi addu'a a daren da aka kama shi. Markus ya ce Yesu ya fara razana da damuwa ƙwarai, ya ce wa almajirai uku raina yana baƙin ciki har kamar in mutu. Bai ɓoye ba, ya ma nemi su zauna su yi tsaro tare da shi. Ya faɗi ƙasa ya ce Abba, ka ɗauke mini ƙoƙon nan, amma ba nufina ba, naka. Ba a ɗauke ƙoƙon ba, wato wahalar da ke jiransa. Luka ya ce mala'ika ya zo yana ƙarfafa shi, kuma bayan ƙarfafawar ne azabar ta tsananta har gumi ya zama kamar ɗigon jini. Duk wanda yake ɗauka ƙarfin ruhu yana nufin daina jin komai, sai ya sake karanta wannan wuri. Wanda ya tashi daga ƙasa ya ce ku tashi mu tafi, shi ne wanda ya gama roƙon a raba shi da abin.

Wasu suna zargin irin wannan karatu da cewa yana sa mutum ya naɗe hannu, ya mai da kowace wahala darasin zuciya. Rayuwar Yohanna na Gicciye ta ƙaryata haka. A watan Disamba na 1577 'yan ƙungiyarsa ta sufaye, masu adawa da gyaran da yake yi tare da Teresa ta Abila, suka kama shi suka kulle a wani ƙuntataccen ɗaki a Toledo ta ƙasar Sifen. Ana dukansa, abinci kaɗan, haske sai ta wata 'yar kafa can sama. A nan ya tsara baitoci a ka game da rai mai neman Masoyinsa da ya ɓuya, daga baya kuma ya yi bayanin duhun dare da Allah yake bi da mai ibada ta cikinsa, inda daɗin addu'a yake ɗaukewa don mutum ya daina dogara ga abin da yake ji. Duk da haka bai ɗauki kurkukun a matsayin wurin zama ba. Ya yi ta sassauta kusoshin makullin ƙofarsa a hankali. A watan Agusta na 1578, bayan kusan wata 9, ya yayyaga bargunansa ya ƙulla igiya, ya sauka ta taga cikin dare, ya nemi mafaka wurin mata masu zuhudu na ɓangaren Teresa a cikin garin, ya karanta musu baitocin da ya fito da su.